Koyon Jita: A Fara da Kunne

Tun da wasu daga cikin 'yan'uwa ɗalibai suka gano cewa ina ɗan taɓa jita, tambaya guda suke ta maimaita mini, wato ta ina mutum zai fara? Yawancin masu tambayar ma sun riga sun gwada. Sun sauke hotunan bidiyo a waya, sun kalli Bature yana danna tsirkiyoyi yana bayani da Ingilishi, sun kwafi zane-zanen da ke nuna inda kowane yatsa zai zauna, amma kafin wata ya zagayo jitar ta koma bayan ƙofa ta zama marataya hula. Daga nan sai ka ji mutum yana cewa ai abin baiwa ne, shi Allah bai ba shi ba.

Ni ban yarda da wannan magana ba. A nawa ra'ayin, hanyar da suka bi ce ta kayar da su. Mai son koyon jita a gari irin Jimeta ya kamata ya fara da kunnensa, da waƙar da ya riga ya sani tun yana yaro, a kan tsirkiya guda ɗaya, kuma a gaban wanda ya iya. Zanen yatsu da darussan intanet su biyo baya. Mu ɗaliban harshe mun fi kowa cancantar gane dalilin haka, domin abin da muke karantawa ke nan kullum a aji.

Hausa ba ita na sha a nono ba. Fulatanci ake yi a gidanmu da ke Limawa, Hausar kuwa a bakin titi na tsince ta, da makarantar allo, da babbar kasuwar Jimeta inda ake aikenmu. Babu wanda ya zaunar da mu ya ce ga lamirin suna ga tsigalau. Sai da na zo jami'a na ji sunayen waɗannan abubuwa, alhali na fi shekara goma sha biyar ina amfani da su. To, akwai wani abu guda da ke wahalar da Bafulatani idan yana koyon Hausa, wato karin sauti. Fulatanci ba ya bambanta ma'anar kalma da hawa da saukar murya, Hausa kuwa tana yi. Kalmar "wuya" idan ka fara da sama ka sauka ƙasa, gaɓar jiki kake nufi, wadda kai ke zaune a kanta. Idan ka fara da ƙasa ka hau sama, wahala kake nufi. Haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. A rubutun yau da kullum babu abin da ya raba su, kuma babu littafin da zai iya sa wa mutum wannan bambanci a baki. Sai ka ji, ka kwaikwaya, an yi maka dariya (Kanawan ajinmu ba sa gajiya da tsokanar Hausar Yola), an gyara maka, ka sake. Littafin tsarin sauti yana zuwa ne daga baya ya ba ka sunan abin da kunnenka ya riga ya kama.

Jita ma haka take. Zanen yatsu tamkar littafin nahawu ne, yana da amfani ƙwarai ga wanda ya fara magana, amma wanda bai taɓa buɗe baki ba nauyi kawai zai ƙara masa.

Abin da manya suka yi

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tunanina ne kawai. Mu duba yadda waɗanda suka shahara a yankinmu suka fara.

Marigayi Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya kuma rasu a watan Yuni na 2015, tsirkiya ɗaya tak ke jikin kuntiginsa, cikin kuntigin kuwa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata. Da wannan ɗan abu ya yi waƙar Karen Mota da Jawabin Aure, ya kuma zaga ƙasashen duniya. Duk wanda ya saurare shi da kyau zai ji cewa kuntigin amsa masa yake yi, ya faɗi magana da baki, tsirkiya ta maimaita ta. Idan tsirkiya ɗaya ta ishi Ɗanmaraya shekaru aru-aru, ban ga dalilin da zai sa ɗan koyo ya ɗora wa kansa shida a ranar farko ba.

A ƙasar Mali, Ali Farka Toure na garin Niyafunke, wanda ya rayu daga 1939 zuwa 2006, shi ma da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara, sannan da ƙaramin goge irin na mutanensu. A 1956 ya ga Keita Fodeba na ƙasar Gini yana kaɗa jita, abin ya shiga ransa. Da jitar ta zo hannunsa, kiɗan da ya riga ya iya ya kwashe ya zuba a cikinta. Turawa da suka ji sai suka ce ai wannan shi ne tushen kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, har faifan da ya yi tare da Ry Cooder mai suna Talking Timbuktu, wanda ya fito a 1994, ya ci lambar Grammy.

Maƙwabtanmu na Nijar kuwa sun fi kusa da mu. Mdou Moctar da kansa ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, domin gidansu ba sa son kiɗa, balle a saya masa. Faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da salon muryar da ake ji a waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta hanyar tura wa juna a waya ya bazu a garuruwan sahara kafin Turawa su san da shi. Bombino na Agadas ya fara taɓa jita ne yana yaro a gudun hijira a Aljeriya bayan rikicin 1990, da ya dawo gida sai ya zauna a gaban wani makaɗi mai suna Haja Bebe, wanda a ƙungiyarsa ya samo wannan laƙabi saboda shi ne ƙarami. Ga kuma Fatu Seidi Gali ta ƙauyen Illigadad a jihar Tawa, wadda ta koya da jitar yayanta, ta ɗauki waƙoƙin da matan ƙauyensu ke rerawa a kiɗan tende ta mayar da su kan tsirkiya. Na kawo ta ne musamman saboda 'yan'uwa mata da ke ganin abin na maza ne.

Mutanen nan ba ƙasarsu ɗaya ba, ba kuma zamaninsu ɗaya ba, amma duka sun zo wa jita da waƙa a cikin kansu. Ɗalibin da ya buɗe bidiyo a waya kuwa, waƙar da za a ba shi ta farko ta wani mawaƙin Amurka ce ko na Ingila da bai taɓa ji ba. Sai ya zamana yana fama da abu uku a lokaci guda: yatsun da ba su saba ba, harshen malamin, da waƙar da ba ta cikin jininsa. Ko ya yi kuskure ba zai sani ba, tun da bai san yadda daidai ɗin take ba.

Tsirkiya ɗaya

Bari in faɗi abin da nake nufi a aikace. Jitar da aka saba gani tana da tsirkiyoyi shida, daga mai kauri da ke sama zuwa siririya da ke ƙasa, kuma ana kiran su da baƙaƙen E, A, D, G, B, E. A jikin wuyanta an gitta wasu ƙananan ƙarafa, filin da ke tsakanin kowane ƙarfe biyu shi zan kira gida. Duk lokacin da ka danna gida na gaba, sautin yana ƙara hawa kaɗan. Idan ka kai gida na 12, ka raba tsirkiyar biyu daidai, sautin ya koma irin na farko amma da siririyar murya, kamar a ce uba da ɗansa ƙarami suna rera abu ɗaya.

Zaɓi tsirkiya ɗaya, misali ta uku daga ƙasa. Kaɗa ta a sake ba tare da ka danna komai ba, wannan shi ne karin ƙasa. Danna gida na 3 ka kaɗa, wannan shi ne karin sama. Yanzu ka sa ta faɗi "wuya" ta jiki, sama sannan ƙasa, ka kuma sa ta faɗi "wuya" ta wahala, ƙasa sannan sama. Daga nan ka wuce zuwa gaisuwa. "Sannu da zuwa" ƙasa ne, sama, ƙasa, sama, ƙasa. "Ina kwana" ƙasa ɗaya ne sai sama uku. Ka kula da tsawon wasali, gaɓa mai nauyi ka bar ta ta ɗan daɗe, marar nauyi ka yanke ta. Wanda ya yi darasin karin waƙa a aji zai ga cewa abin da aka koya masa ne yake yi da yatsa. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin da wannan dabara mai kalangu ke kiran sunan mutum a taron biki har ya waiwaya.

Bayan kwana biyu ko uku sai ka ƙara gidaje. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke yawo, saɓanin bakwai na kiɗan Turawa. A kan tsirkiya ɗaya za ka same su idan ka kaɗa ta a sake, sannan gida na 3, na 5, na 7, na 10, ka rufe da na 12. Akwai wani jerin kuma mai ɗan fara'a: a sake, na 2, na 4, na 7, na 9, na 12. Ka hau ka sauka a kan waɗannan har yatsanka ya daina neman hanya. Sai ka ɗauko waƙar da ka fi sani a duniya, ko ta gaɗa ce, ko ta tashe, ko wadda mahaifiyarka ke yi wa ƙanenka idan yana kuka, ko ta coci, ka rera layin farko da baki, ka nemi sautin farko a kan tsirkiyar, sannan na biyu. Ranar farko abin zai ci maka rai. Amma akwai sauƙi guda da Bahaushe da mai jin Hausa ke da shi, wato a mafi yawan lokuta muryar waƙar Hausa tana bin karin sautin kalmominta ne, inda kalma ta hau waƙa ta hau, inda ta sauka ta sauka. Ke nan rabin aikin yana bakinka tun kafin ka taɓa jitar.

Ranar da waƙar ta fito har wani da ke wucewa ya gane ta ya kama rerawa, daga ranar ba ka buƙatar kowa ya lallashe ka ka ci gaba. Wannan yana iya faruwa cikin sati na farko. Mai bin zanen yatsu kuwa yakan yi wata biyu bai fitar da abin da ƙanwarsa za ta gane ba, kuma a cikin wata biyun nan ne yawanci ake ajiye jita.

Sai an samu waƙa uku ko huɗu a hannu sannan a shigo da babban yatsa. Shi zai riƙa bugun tsirkiya mai kauri a sake, a kai a kai kamar bugun zuciya, manuni kuma yana fitar da waƙar a ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai garaya ko mai molo ya ga irin wannan rabon aiki, tsirkiya ɗaya tana riƙe da ƙasa, ɗaya tana magana. Bayan wannan ne lokacin abin da makaɗa ke kira kod ya yi, wato danna tsirkiyoyi da yawa a kaɗa su tare. A fara da masu sauƙi: Em yatsa biyu kawai take buƙata, Am uku, sannan G da C da D. Ita kuwa F, wadda ake shimfiɗa yatsa guda a kan dukkan tsirkiyoyi, a bar ta sai bayan wasu watanni. Ta kori mutane daga jita fiye da yadda talauci ya kora.

Wa zai koya maka?

Nan ne maganar take da ɗan nauyi. A al'adar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado ko ta barantaka. Yaro yakan bi makaɗi shekaru yana ɗaukar kaya, yana amshi, kafin a ba shi abin kiɗa ya riƙe. Wanda ya karanta littafin Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ga yadda manyan makaɗa da yawa suka bi ta wannan hanya. Marigayi Malam Mamman Barka na Nijar, duk da ya riga ya yi suna da gurmi, da ya so koyon biram sai da ya tafi yankin tafkin Cadi a 2002 ya zauna a gaban tsoho Bukar Tar, wanda shi ne ya rage cikin masu iya kaɗa shi. Malami yana ganin abin da waya ba ta gani. Zai ga ka ɗaga kafaɗa, zai ga babban yatsanka ya leƙo ta saman wuyan jita ya hana sauran motsi, zai ji kana gudu a inda ya kamata ka jira. Minti goma a gabansa sun fi awa uku a gaban bidiyo.

To, ina masu jita suke a Jimeta? Gaskiyar magana, mafi yawansu a coci suke. Ƙungiyoyin matasa na LCCN da EYN da Katolika da sauransu sun daɗe suna kaɗa jita, kuma da Hausa suke rera yawancin waƙoƙinsu, domin ita ce ta haɗa Bachama da Kilba da Margi da Chamba a benci ɗaya. Panam Percy Paul, wanda ya yi suna a duk Nijeriya da jitarsa har ya buɗe makarantar koyon kiɗa a Jos, ɗan ƙabilar Mbula ne daga Demsa, nan kusa da mu. A ɓangaren Musulmi kuwa, tun da waƙoƙin finafinai suka kankama a ƙarshen shekarun 1990, fiyano da kwamfuta suka mamaye situdiyo, har yaro ya tashi yana ganin duk sautin da ya ji daga cikin akwati ɗaya yake fitowa.

Saboda haka saurayin Limawa da ke son jita, akwai yiwuwar malaminsa ya kasance abokin karatunsa ne Kirista daga Luggere ko Jambutu. Ni ban ga aibu a nan ba. Tare muke cin kasuwa ɗaya, tare muke shiga Keke Napep ɗaya, bakanike da tela ba a tambayar su addininsu kafin a kai musu yaro koyon aiki. Ba sai ka shiga wurin ibadar kowa ba, ƙofar gida ko inuwar darbejiya a makaranta ta isa. Garinmu ya ga tashin hankali a shekarun baya, kowa ya san wannan, kuma duk abin da zai zaunar da samari biyu a tabarma ɗaya na awa guda kowane sati ba abin rainawa ba ne.

Sai dai kada in ɓoye wa mai karatu cewa a gidaje da yawa na unguwarmu, shiga da jita ba ƙaramin abu ba ne. Sunan unguwar ma ya isa ya gaya maka irin mutanen da suka kafa ta. Wasu iyaye suna kallon abin ta fuskar addini, kuma malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, wannan fage nasu ne, ni ɗalibin harshe ne. Wasu kuma abin da ke damun su shi ne tsohon kallon da ake yi wa makaɗi a matsayin maroƙi, wanda ba a son ba shi 'ya. Ga kuma Pulaaku a gefe, wadda ke sa Bafulatani jin kunyar ɗaga murya a gaban manya. Shawarata ita ce kada mutum ya yi abin a ɓoye kamar mai shan wani abu. Ya gaya wa mahaifinsa ko kawunsa, ya kiyaye lokutan salla da na barcin maƙwabta, kuma sakamakon jarrabawarsa ya kasance mai kare shi. Idan an hana a gida, a bar jitar a makaranta wurin aboki. Ba ta kai a ɓata da iyaye a kanta ba.

Waya fa?

Wani zai ce, to kai yanzu so kake mu jefar da intanet mu koma zamanin da? A'a. Akwai darussa na kyauta masu kyau, irin na Justin Sandercoe da ya fara sakawa tun 2003, kuma duk wanda ya wuce matakin farko zai amfana da su. Waya tana kuma da amfani guda biyu tun daga ranar farko. Na ɗaya, manhajar saita tsirkiya, domin jitar da ba a saita ba tana lalata kunnen ɗan koyo, ya yi daidai ya ji ba daɗi ya ɗauka laifinsa ne. Na biyu, ɗaukar sauti. Ka ɗauki kanka yau, ka ajiye, ka saurara bayan sati biyu. Mutum ba ya jin ci gabansa a kullum, kamar yadda uwa ba ta ganin girman ɗanta sai baƙo ya faɗa.

Duk da haka ina ba da shawarar a koyi saitawa da kunne ma, saboda ranar da babu caji, kuma mu a nan mun san ranakun suna da yawa. Idan ka danna gida na 5 a tsirkiya mai kauri, sautin da zai fito shi ne na tsirkiyar da ke bi mata idan an kaɗa ta a sake. Haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai dai a tsirkiyar G gida na 4 ake dannawa. Wannan kansa horon kunne ne, irin wanda malamin tsarin sauti ke ba mu idan ya ce mu bambance "gari" na zama da "gari" na tuwo.

Game da lokaci, minti 15 zuwa 20 kowace rana sun fi awa uku ranar Asabar. Wanda ya yi karatun allo ya san haka, tilawa kullum ake yi. Kan yatsun hannun hagu zai yi zafi, har ya yi ja, na tsawon sati biyu zuwa huɗu kafin kanta ta fito. Babu maganin wannan sai haƙuri da rage tsawon zama. A yanke farcen wannan hannun ƙwarai, in ba haka ba yatsa ba zai tsaya a tsaye ba. Bahago kuma kada ya damu, Mdou Moctar da hagu yake kaɗawa.

Sayen jitar

Da yawa daga cikin waɗanda suka ce ba su da baiwa, jitarsu ce ba ta da lafiya. An sayo musu mai arha mai ƙyalli, ko ta gwanjo da wuyanta ya lanƙwashe, tsirkiyoyin sun yi nisa da katako har sai mutum ya matse kamar mai tatsar saniya kafin sauti ya fito. Kada ɗan koyo ya je saye shi kaɗai, ya tafi da wanda ya iya. A ɗaga jitar a hango wuyanta daga ƙasa kamar mai duba ko sanda ta miƙe. A duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe a gida na 12, kada ta wuce milimita 3 a mai tsirkiyar ƙarfe, ko 4 a mai ta roba. A kaɗa kowace tsirkiya a sake sannan a danna gida na 12, idan sautukan biyu ba su yi kama ba a mayar wa mai shago kayarsa. A kuma duba katakon da aka ɗaure tsirkiyoyi a cikin jitar, ko ya fara ɗagowa.

Mai tsirkiyar roba, irin Yamaha C40, ta fi sauƙi ga yatsa, mai ta ƙarfe irin F310 ta fi ƙara da zaƙin murya, kuma ita ta fi kama da abin da kunnenmu ya saba ji a garaya da gurmi. Kowace aka samu ta yi. Abin da ba a yi shi ne ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don ta roba, domin ƙarfin janta zai ɓalle katakon. Idan kuɗi bai kai ba, mutum uku su haɗa su sayi ɗaya mai kyau su riƙa karɓa-karɓa, tun da minti ashirin kowa ke buƙata.

Yanayin garinmu ma abokin gaba ne. Waɗanda suka ƙera jitar nan ba su san zafin Yola na watan Maris da Afrilu ba, lokacin da ma'auni ke haura 40. Danƙon da aka manne katakon da shi yana saki idan aka bar ta a rana ko a ɗaki mai kwano a rufe. Hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana busar da katako har ya tsage kamar yadda yake yi wa diddige. A riƙa ajiye ta a jakarta, a sa ɗan soso mai laima a cikin leda mai huji-huji a jefa a ciki, ba tare da ruwa ya taɓa katakon ba. Bayan kowane zama a goge tsirkiyoyin da ƙyalle, saboda gumi ke sa su tsatsa.

Akwai kuma wani kira da nake son yi ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa. Muna karanta kuntigi da garaya da gurmi da kukuma a darasin waƙar baka, muna haddace yawan tsirkiyar kowanne saboda jarrabawa, amma da yawa daga cikinmu ba su taɓa riƙe ko ɗaya ba. Kuɗin da muke kashewa a kan lemo da kujerun haya a biki guda ya isa ya sayi jita ɗaya da kuntigi biyu a ajiye a ofishin ƙungiya. A samu mai garaya ko mai goge daga cikin gari ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata a sallame shi, a samu ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu masu kaɗawa a coci ya ɗauki yammacin Laraba. Idan aka fara a zangon karatu na farko, kafin Ranar Hausa ta Duniya ta 26 ga Agusta za a samu mutum biyar ko shida da za su hau dandamali su kaɗa waƙar gaɗa da hannunsu, a huta da hayar mai kwamfuta na shekara guda.